Tukwanen da ke Bayan Madafar Madam

Gaya, ranar Lahadi da hantsi.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga wadda kike kira Yaya, zuwa ga Ta-Inna, a gidan Inna, Yelu.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya tsare ki a zaune, Ya tsare ki a tafe. Ki gaishe mini da Inna, kuma ki durƙusa in za ki isar da gaisuwar, ba irin tsayuwar nan da kika koyo a gidan Madam ba.

Kin san ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Ke ce ta fari, kunya ba ta bari ko sunanki in kama, shi ya sa kika tashi kina ce mini Yaya kamar tare aka haife mu. Abin da bakina ya kasa, shi na ba alƙalami. Tun kina da shekara bakwai na koya miki karatun boko da 'yan littattafan labarin da babanki ke sayo mini in ya ƙetara Nijeriya, don haka ba sai kin nemi mai karanta miki ba. Ki keɓe, ki karanta ke kaɗai.

Kin tafi Yelu ranar Laraba don ki yi sallama da kakarki. Kowa a unguwa ya san dalili: ranar Talata Madam, matar lokotoro, likitan Turawa, za ta bar Gaya tare da ke, ku ƙetare kogi, ku bi ta Paraku ku sauka Kotonu, ku shiga jirgin ruwa sai Faransa. Ni na ce to. Ni na matsa wa babanki har shi ma ya ce to. A kan wannan tafiyar nake rubutu, kuma ina roƙonki ki kai ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Ranar Alhamis, washegarin tafiyarki, ina shara da safe sai na ji wani wari a ɗaki. Na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan randa. Na kawar da randa, ba komai. Na ɗaga tabarma, ba komai. Can sai hancina ya kai ni gaban akwatin gilashin nan da Madam ta ba mu, mai tsayin mutum, wanda muke ajiye furannin da take kira orkide. Na janye jiƙaƙƙen buhun da na lulluɓe shi da shi, na buɗe ƙofar. Wallahi sai da na ja da baya na dafe bango. Wari ne irin na huhun goron da ya ruɓe a hanya. Mai faffaɗar fuskar nan, ruwan hoda da rawaya a tsakiya, wanda na ce miki irinsa ne 'yar sarki ke sokewa a kitso a cikin labari, ya kwanta a bakin tukunya kamar dafaffiyar yakuwa. Na taɓa ganyen, ya biyo hannuna. Mai dogon ganye ya yi baƙi tun daga gindi. Mai kai kamar albasa na latsa shi, ruwa ya fito. Fumfuna fara fat ta rufe gawayin da ke cikin tukwanen.

Na zauna a ƙasa daɓas, tsintsiya a hannu. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Wata biyu kacal da ba ni su! A ranar ban san cewa wannan ne ƙaramin abin da zan gani ba.

Bari in koma baya, in faɗa miki kurakuraina yadda suka zo, don wasu kin gani da idonki amma ba ki san kuskure ba ne, tunda ni nake yi.

Kin tuna ranar zaɓe. Madam ta fara ɗaure kaya, ta ce akwatin ba zai bi jirgi ba, in ɗauka, in zaɓi huɗu cikin furanninta. Baba Hamani, tsohon mai lambunta, mutumin Tunuga da ya bi ta garuruwa shekara da shekaru, yana tsugune yana fasa gawayi. Ya ga na nufi mai ruwan hoda kai tsaye, ya ce:

"Malama mai littafi, fure kika zo zaɓa ko miji?"

Na ce, "Baba, ai miji na riga na yi."

Ya ce, "Shi ma don hularsa kika ɗauke shi?"

Kika ƙyalƙyale da dariya har na harare ki. Ya miƙe da ƙyar, ya buga gilashin da yatsa, ya ce akwatin nan ciki kamar bakin kogi ne a Tunuga bayan an ɗauke ruwan sama: zafi da gumi, dare da rana, ba sauƙi. Ya ce kafin in sa kowane a ciki in tambayi abu huɗu. Daga ina ya fito, ƙasar kurmi ko kan dutse mai sanyi? In ya girma ina zai kai? Rana yake so ko inuwa? Yana barci da rani, ko kullum a farke yake? Ya nuna mai ruwan hodan ya ce daga wasu duwatsu masu hazo a bayan teku aka kawo shi, kullum da yamma sai ya fito da shi baranda ya jera jiƙaƙƙun tukwane kewaye da shi kafin ya numfasa. Ya nuna mai dogon ganye ya ce kafin shekara zai tokare rufin. Ya nuna mai kan albasa ya ce wannan ɗan dajinmu ne, rana yake so ƙiri-ƙiri, in dasa shi bayan ɗaki in mance da shi.

Na ji shi sarai. Na ce, "Baba, ni dai waɗannan ukun zuciyata ta kama."

Ya ce, "To zuciyar taki ce za ta yi musu fifita."

Ke kuwa kika je can gefe inda aka ware waɗanda za a zubar, kika ɗauko wani ɗan ƙanƙani mai ganye huɗu masu kauri, ɗaure a jikin ɓawon itace, ba tukunya ba ƙasa, saiwoyinsa a waje, toka-toka kamar tana. Ko fure ba shi da shi. Na ce ki ajiye wannan abin ƙyama. Baba ya ce, "Bar ta. Cikinku ita kaɗai ta yi zaɓe." Da muka kawo gida babanki ya leƙa ya ce ya sha ganin irinsa manne a jikin itatuwan goro can Kurmi inda yake lodi. Ya ƙara da cewa, "Ikon Allah, kauci an yi masa ɗakin gilashi, mai gida yana kwana a ɗakin laka." Kika ce masa ba kauci ba ne, Baba Hamani ya ce ba ya shan jinin itace, zama kawai yake yi a kai.

Wannan ne kuskurena na farko, kuma ban yi shi cikin jahilci ba, an faɗa mini. Duk inda kika je, Ta-Inna, in tsoho mai aikin hannu ya tsaya yana yi miki bayanin aikinsa, ki ajiye abin da ke hannunki ki saurara, ko da rigarsa ta yage, ko da Hausarsa ta karkace zuwa Dandanci. Kuma in abu ya burge ki har kika ji ƙirjinki na bugawa, ranar kada ki ɗauka. Ki koma gida ki kwana, ki dawo da tambaya.

Na biyu ya fi ba ni kunya, don da wayona na yi shi. Ni matar mai goro ce, ɗiyar mai goro. Tun ina ƙarama na san yadda ake riƙon abin da ya fito daga Kurmi kada ya bushe: a naɗe shi da ganyen fita, a yayyafa ruwa, a ɗaure huhu tam, a sa a ɗaki mai duhu inda iska ba ta shiga. Da na ga akwatin yana da wasu 'yan tagogi biyu a sama, sai na ce wannan ai ɓarna ce, laima za ta gudu. Na cusa musu tsumma. Na jiƙa buhu na lulluɓe gilashin. Na ja shi daga bakin taga zuwa lungu. Har ina yabon kaina, ina cewa da Madam ta san sirrin masu goro da ba ta sha wahala ba. Ashe goro ɗan itace ne da aka riga aka tsinke, barci ake so ya yi har ya isa kasuwa. Wannan kuwa rayayye ne, a kan reshe ya saba zama, ruwa ya jiƙa shi, iska ta bi ta busar, haske ya ratso ganye ya same shi. Na ba shi ruwan na hana shi sauran.

Za ki je inda abubuwa za su yi kama da na gida. Za ki ga tuwo kamar namu, gaisuwa kamar tamu, ki ce ai na sani. Kafin ki yi abin da kika saba, ki tsaya kwana biyu ki ga yadda masu wurin ke yi, kuma in kin ga an bar wata kafa a buɗe, ki tambayi dalili kafin ki toshe.

Sai ruwa. Damina ce, indararo na zuba kullum, amma na ce ruwan rufi da datti, ba zan ba furen 'yar sarki ba. Na riƙa ɗebo masa na rijiya, ina tacewa da farin ƙyalle. Kin san rijiyoyinmu na nan, ɗanɗanon gishirin Foga na cikinsu, mun saba har ba ma ji. Bayan sati uku na ga wani fari-fari ya kama bakin tukwanen, kan saiwoyi ya ƙone ya yi baƙi. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara. Ke kuma kullum da safe kina zura hannu ki ciro naki, ki tsoma shi a randar da ke ƙarƙashin indararo, ki tsaya kina kallo saiwoyin su juye daga toka zuwa kore, ki kaɗa shi a iska, ki mayar ki rataye can sama, daidai inda kusurwar gilashin ta fashe ranar da aka sauke shi daga amalanke. Ina yi miki faɗa kina buɗe ƙofa kina ɓata laima. Ki yafe mini wannan faɗan.

Akwai wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun sati biyu kafin Alhamis na ga ɗigon baƙi a gindin mai ruwan hoda. Na san abin da ake yi. Babanki in ya buɗe huhu ya ga goro ɗaya da sankara, nan take yake cire shi, ya zazzage sauran ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa sai na juya tukunyar, wajen ɗigon ya fuskanci bango, na mayar da buhu. Na haɗu da Baba Hamani a kasuwa ya ce, "Ina 'ya'yanki?" Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ya dube ni ya ce, "Har mai ruwan hodan?" Na ce, "Shi ya fi kowa." Da na faɗi gaskiya ranar, da ya zo da wuƙarsa ya yanke wurin, ya shafa garin gawayi, ya zare tsummokaran nan, wataƙila da biyu sun tsira.

Wannan ki riƙe shi fiye da sauran. In ƙirjinki ya fara wannan ƙarar da yake yi lokacin sanyi, ki faɗa ranar farko. In wani ya yi miki abin da ba ki gane ba, ki faɗa ranar farko. In kin kasa darasi, in kin fasa kwano, in kin ji ba kya son wurin. Kada ki gaji halina na cewa lafiya lau.

Yanzu in koma Alhamis.

Na ɗauki tukunyar mai ruwan hoda na sa a faifai, na rufe da ƙyalle, na nufi gidan lokotoro. Duk hanya ina shirya kalmomin ban haƙuri, rabi Hausa rabi ɗan Faransancin da na tsinta. Ina cewa a raina yanzu za ta ce wadda ta kasa riƙon fure ɗiyarta ma ba ta da amfani, ta fasa tafiya da ke. Abin da nake tsoro ke nan, dubi hankalina.

Na same ta a tsakiyar akwatuna, tana naɗe kofuna da jarida. Na durƙusa na buɗe ƙyallen. Ta leƙa, ta toshe hanci, sai ta yi dariya. Dariya, Ta-Inna! Ta dafa kafaɗata ta ce da Hausarta ta koyo, "Ba komai, ba komai. Wannan kullum mutuwa. Na huɗu ke nan. Jefa bayan madafa."

Na zaga bayan madafa. Ban taɓa zuwa wurin ba, kullum ta baranda muke shiga. Tukwane na gani tsibi guda har ƙuguna, irin wadda ke hannuna, wasu a kife, wasu da busasshen kututture a ciki, kowace da ɗan allon kwano da aka rubuta suna a kai. Na fara ƙirgawa na bari. Shekara biyu ina zuwa gidan nan ina kallon goma sha biyun da ke cikin gilashi ina cewa hannun matar nan albarka gare shi.

Baba Hamani yana nan zaune a gindin mangwaro. Bai yi mini ba'a ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ya karɓi tukunyar ya ɗora a kan tsibin.

Na ce, "Baba, duk waɗannan?"

Ya ce, "Na Gaya kawai kike gani. In ta ga mai kyau a takarda sai ta aika a kawo. In ya mutu ta yi kwana ɗaya ba ta cin abinci, sannan ta aika a kawo wani. Ba mugunta ba ce. So take yi, tsakani da Allah. Tambaya ce ba ta yi."

Ya ɗebi ƙasa yana murzawa a tafin hannu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗiyata, kin tambaye ta Awa?"

Na ce, "Wace Awa?"

Ya ce a garin da suka zauna kafin Gaya, can yamma, akwai wata yarinya ɗiyar mai wanki, tsararki, mai kaifin kai kamar ke. Madam ta so ta, ta ɗinka mata riguna, ta tafi da ita Faransa lokacin hutunsu don ta sa ta lakwal, makarantar boko. Bayan wata takwas suka dawo, ba Awa. Uwar ta yi ta zuwa bakin ƙofa har aka ɗauke su Madam daga garin.

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini ba tuntuni?"

Ya ce, "Na faɗa miki zancen fure, abin da ba ya jawo mini kora, kin ji? Sau uku ina zuwa ƙofar gidanku ina komawa. Da Litinin ta yi ba ki zo ba, da mijinki zan tara a tasha."

Ban san lokacin da na koma cikin ɗakin ba, ko sallama ban yi ba. Na ce, "Madam, ina Awa?"

Ta tsaya da kofi a hannu. Ta maimaita sunan sau biyu, tana lalube. Sai da na ce ɗiyar mai wanki sannan fuskarta ta canza. Ba ta yi mini ƙarya ba, wannan zan shaide ta har gaban Allah. Ta ce sanyin farko yarinyar ta kama tari, aka kwantar da ita. Lokacin dawowarsu ya yi ba ta warke ba, suka bar ta wurin wasu matan coci masu riƙon marayu. Ta ce ta rubuta musu sau ɗaya. Ta ce tana nufin ta sake rubutawa.

Na ce, "Shekara nawa ke nan?"

Ta ɗaga yatsu biyar.

"Tana da rai?"

Ta ce tana zaton haka.

Tana zato! Sai hawaye suka zubo mata, na gaske, har kan jaridar. Ta kama hannuna ta ce ke dabam ce, ke za ta riƙe ki kamar ɗiyar cikinta, wannan karon ba za su dawo Afirka ba sai bayan shekara uku. Ina kallon hawayen nan sai na ga ai na san su. Irin nawa ne. Su nake yi a kan littafi in an raba yarinya da uwarta, in jiƙe shafi, in rufe, in tashi in ɗora tukunya. Na zo da niyyar in ga muguwa, sai na ga mace mai irin halina, wadda ta fi ni kuɗin aikawa a kawo wani.

Ni ban taɓa kiran sunanki ba, amma ko cikin barci aka tashe ni na san shi.

Ga babban kuskurena. Ranar da Madam ta ce in ba ta ke ta mai da ke ungozoma mai takarda, ban bari ta rufe baki ba na ce to. Ban tambayi sunan garin ba. Ban tambayi wa zai kwana kusa da ke ba, ko wa zai ji in kin yi tari, alhali ta dalilin tarin nan naki muka fara shiga gidan lokotoro. Ban tambayi abin da za ki ci ba, ko inda za ki yi salla, ko wa za ki yi Hausa da shi. Abin da na gani kawai shi ne ke kina saukowa daga mota da farar riga da jaka a hannu, matan Gaya suna guɗa, ni ina bayan ƙyaure ina leƙe. Babanki ya ce, "Wa muka sani a can?" Na ce masa shi dai ba ya hangen nesa, goro kawai ya sani. Sati uku ina fushi da shi, ina ajiye masa tuwo ba magana, har ya gaji ya ce, "Ɗiyarki ce." Kuma ni na cika miki kai. Kullum in muna tsinkar zogale ina ba ki labarin gidaje masu hawa bakwai da ruwan da ke daskarewa ya zubo kamar auduga, abin da ban taɓa gani ba, daga littafi na kwaso. Kika ɗauka Yaya ta sani.

Ban ce ki daina karanta labari ba. Ni ma ba zan daina ba, jiya ma na buɗe ɗaya. Amma ki lura, a cikinsu in yarinya ta tafi wata ƙasa, layi ɗaya ne: ta tafi, ta girma, ta dawo. Ba a rubuta safiyar Laraba ta wata na biyar, da zazzaɓi, ba wanda ya san yadda ake dama miki kunu. Wannan safiyar ita ce za ki rayu a ciki, ita ya kamata in tambaya.

Da na dawo gida na faɗa wa babanki duka, a tsaye, ko mayafi ban cire ba. Na jira ya ce ai na faɗa miki. Bai ce ba. Ya cire hula ya share fuska ya ce, "Yarinyar nan ta sa rai da karatu. Ke kika sa mata. Ba za a ce mata ta zauna haka nan ba." Ranar Juma'a bayan masallaci motarsa ta tashi da lodi zuwa Doso, na ba shi tambayoyi ya kai wa ƙanwarsa, Gwaggonki Rabi. Wannan karon na yi tambaya har ya ce ko sai na rubuta masa a takarda. A wane ɗaki za ki kwana, da wa? Lakwal ɗin tana kai yara jarrabawar zuwa Yamai? Tafiyar minti nawa ce daga gidan? Akwai lokotoro kusa? Jiya da la'asar ya dawo. Ɗakin Gwaggo ne, gado ɗaya da ɗiyarta Hajo da kuka yi wasa da Sallar bara. Lakwal ɗin tana kai yara jarrabawa, akwai 'yan mata a ajin, ya ga mushen, malaminsu, da idonsa. Motar babanki tana ratsa Doso sau biyu a wata. In kin ci jarrabawa kika ce Yamai, za mu sake yin tambaya. In wata rana kin girma kin ce Faransa da bakinki, kin san abin da za ki tarar, ba zan tare hanya ba.

Na san za ki yi kuka. Na san kin riga kin faɗa wa ƙawayenki, kin gwada takalmin da Madam ta ba ki har sau nawa. Wataƙila ki yi wata ba ki so ki ji sunana. Ki yi fushin, ni na jawo, kada ki ɗora wa babanki ko Baba Hamani. Na fi son ki yi fushi da ni a inda zan iya aiko miki da ƙuli-ƙuli.

Naki yana nan. Ranar Alhamis da na kwashe ruɓaɓɓun na same shi can sama wajen fasasshen gilashi, ganyensa huɗu cif, ga wata sabuwar saiwa mai koren kai ta kama ɓawon tana bi. Bai yi fure ba. Baba ya ce wataƙila baɗi, fari ne ƙarami mai dogon wutsiya, da magariba yake ƙamshi. Ya zo ya wanke akwatin da toka, ya zare tsummokaran, muka mayar da shi bakin taga inda hasken safe ke shiga. Ya ce in babanki ya sauka Kurmi ya samo masa 'yan'uwa biyu ƙanana daga jikin itacen goro, kada ya ɗauko don fure, ya ɗauko mai lafiyar saiwa. Ba za ki tafi da shi ba, can ya fi nan bushewa, na tambaya. Ni zan riƙa tsoma shi a randar indararo yadda kike yi, in ruwan sama ya ƙare in aika a ɗebo na kogi. In kin zo hutu ki duba ki ga ko na iya.

Ki riƙe salla. Ki taya Gwaggo aiki tun ba ta ce ba. Ki rufe ƙirjinki da safe. Ki rubuto mini duk zuwan mota, ko layi biyu ne, kuma kada layin farko ya zama lafiya lau sai in lafiya lau ɗin ce.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai ki lafiya Ya dawo da ke lafiya. Allah Ya haɗa ki da masu tsoronSa, Ya raba ki da ciwo, Ya buɗa miki karatu. Allah Ya sa Awa tana raye, Ya mai da ita ga uwarta. Madam ma Allah Ya sauke ta lafiya. Babanki yana gaishe ki, Baba Hamani ya ce a gai da mai zaɓe.

Yau da safe na je na mayar wa Madam takalmin da rigunan, na ce mata na janye maganata. Ba za ki shiga jirgin ba. Ranar Talata babanki zai biyo ta Yelu ya ɗauke ki, Doso za ki.